Ku sake karanta abin da ke shafin sana'arku

Salamu alaikum ƴan uwa masu sana'a a nan Maraɗi. Jiya na zauna da ƙanwata muka bi shafinta na intanet layi-layi, ita man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take sayarwa, kuma abin da na gani ya dame ni.

Babbar matsalar farashi ce. Ta rubuta "jaka 5" kawai. Mu nan mun san jaka sefa 1000 ce, wato dala 200 (dalarmu ta nan, mai sefa 5), amma mutumin Jibiya ko Katsina da ya karanta, a wajensa jaka naira 200 ce. Ka ga rigima tun kafin a yi ciniki. Ku rubuta a fili: sefa 5000, lita kaza. Ku sa ranar da kuka sa farashin, don na lokacin kaka daban yake da na bazara.

Lambar waya kuma ku fara ta da +227, in ba haka ba na ƙetare ba zai same ku a WhatsApp ba.

Mun share "kayanmu sun fi na kowa inganci", kowa haka yake faɗa. Muka sa inda take sayo gyaɗar, ranar da aka matse man, da kwatancen shagon daga babbar kasuwa.

Sai ku ba wani wayar ya karanta da ƙarfi a gabanku, Hausar da Faransancin duka. Duk inda ya yi tuntuɓe ko ya tambaye ku "me ake nufi nan?", to wurin ne za ku gyara yau ɗin nan.