Yadda Ake Wanke Tsohon Faifan Forro na Brazil

Faya-fayen da Luiz Gonzaga, shahararren makaɗin forro (kiɗan rawa na arewa maso gabashin Brazil), ya fara ɗauka wa kamfanin RCA Victor a 1941 masu juyi 78 ne a minti, kuma da ƙaron shelak aka yi su. Sun fi ƙwai saurin fashewa.

1. Ɗaga faifan a hasken taga. In ka ga tsaga, kada ka jiƙa shi.

2. Samo ruwa mai tsabta ka ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan. Kada ka kuskura ka sa sifirit, domin shelak narkewa yake a cikinsa. Ni kam na taɓa yi, sai ga faifan ya yi fari-fari, kiɗan akodiyon (abin kiɗan da ake matsawa ana buɗewa da hannu) ya koma ƙarar tsakuwa.

3. Da burushi mai laushi ka bi zagayen layukan a hankali, ban da tsallake su. Kare takardar tsakiya da yatsa. Ita ke ɗauke da lambar faifan, masu tarawa kuwa ita suke fara dubawa.

4. Ɗauraye, ka jingina shi a tsaye cikin inuwa har ya bushe sarai.

5. Wajen saurare, sa allurar 78 mai kauri, ba ta LP (faifan roba mai juyi 33 a minti) ba.