Babi na Shida: Buɗe Adireshin Imel a Wayar Hannu

A yau da wuya ka cike takardar neman aiki, ko rajistar JAMB ta ɗanka, ba a tambaye ka imel ba. Imel wasiƙa ce da ake aikawa ta intanet, adireshinsa kuwa tamkar akwatin gidan waya ne, sai dai shi ba a biyan kuɗin haya. A wannan babi za mu yi aiki da Gmail na kamfanin Google, wanda ya fara aiki a shekarar 2004, domin shi ne yake zuwa a cikin wayoyin Android irin su Tecno da Itel da Infinix. Kyauta ne, kuma yana ba ka wurin ajiya na gigabayit 15.

Mutane da yawa suna da imel ba su sani ba. Ranar da suka sayi waya, mai shago ya buɗe musu a gurguje domin Play Store ya yi aiki, ya zaɓi sunan da ya ga dama, ya sa kalmar sirrin da shi kansa ya manta kafin la'asar. Wannan imel ɗin ba naka ba ne, aro ne. Abin da muke so shi ne ka buɗe da hannunka, ko da wani na zaune kusa yana karanta maka rubutun Turancin.

Kafin ka fara, tanadi waya mai caji, da data kaɗan, da layin da aka yi wa rajista da sunanka, da biro, da ƙaramin littafi. Duba kwanan wata da agogon wayar. Idan ba daidai suke ba, wayar kan kasa haɗuwa da Google, ka yi ta zargin sabis alhali ba laifinsa ba ne.

Matakan buɗewa

Taɓa manhajar Gmail, mai alamar harafin M mai launuka. Idan wayar sabuwa ce, za ka ga "Add an email address". Idan akwai wani imel a ciki, taɓa ɗan da'irar da ke sama ta hannun dama, ka zaɓi "Add another account". Daga nan zaɓi "Google". Wayar na iya neman zanen yatsanka ko lambar buɗe ta. Shafin da zai fito na waɗanda suka riga suka mallaki imel ne, don haka kada ka rubuta komai a akwatin. Duba ƙasa ka taɓa "Create account", sannan "For my personal use". Wanda wayarsa take da Faransanci, kamar yadda aka saba a Nijar, zai ga "Créer un compte".

Rubuta sunanka a akwatin farko, sunan mahaifi ko na iyali a na biyu, ka taɓa "Next". Sai wata da rana da shekarar haihuwa. Sa wanda yake jikin katinka na ɗan ƙasa, domin shi ne ba za ka manta ba. Kula da shekarar sosai: idan ka yi kuskure ta nuna ba ka kai shekara 13 ba, za a ɗauke ka yaro, a ce sai da izinin iyaye.

Yanzu zaɓen adireshi. Kowane adireshi kashi biyu ne, alamar @ ta raba su: sunan da ka zaɓa, sai gmail.com. Sunan ba zai gaza harafi 6 ba, ba zai wuce 30 ba. Ana karɓar haruffa da lambobi da ɗigo kawai. Ba a barin fili, ba a karɓar ƙ da ɗ da ɓ, don haka mai suna Ɗanladi zai rubuta danladi. Sunaye irin su Musa da Aisha tuni dubban mutane suka riga ka, za ka ga jan rubutu yana cewa an ɗauka. Ƙara sunan garinku ko sana'arka ko lamba biyu. Shawararmu: zaɓi wanda za ka iya faɗa wa ma'aikacin banki da baki ba tare da jin nauyi ba, kuma ya rubuta daidai. Sunan barkwanci bai dace da takardar neman aiki ba.

Kalmar sirri

Nan ne ake yawan yin asara, don haka a natsu. Kalmar sirri ita ce makullin akwatin. Dole ta kai harafi 8, amma mai tsawo ta fi. Kada ka sa lambar wayarka, ko shekarar haihuwarka, ko 12345678. Su ne farkon abin da ɓarawo yake gwadawa. Hanya mai sauƙi ita ce ka haɗa kalmomin Hausa uku da ba su da dangantaka, ka sa lamba da alama a tsakani, kamar Rakumi7Tabarma!Gero. Misali ne kawai, ƙirƙiri taka. Babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wajen na'ura: R daban, r daban. Taɓa ƙaramin akwatin "Show password" ka ga abin da ka rubuta da idonka, sannan ka kwafe shi a littafinka harafi bayan harafi, tare da adireshin. Ajiye littafin inda kake ajiye takardun gida, ba a cikin rigar wayar ba. Idan wani ne yake taimaka maka, karɓi wayar ka rubuta wannan da kanka.

Sau da yawa Google zai nemi lambar waya. Zaɓi ƙasarka: Nijeriya +234, Nijar +227. Saƙo zai shigo ɗauke da G- da lambobi shida; lambobin kaɗai za ka rubuta. Idan saƙon ya yi jinkiri, jira 'yan mintoci, kada ka yi ta dannawa, domin yawan nema kan sa a dakatar da kai na ɗan lokaci. Idan aka ce an yi amfani da lambar da yawa, layin ya riga ya buɗe imel masu yawa ne, abin da yakan faru da layin masu shago.

Ko an ba ka damar tsallake lambar waya, kada ka tsallake. Ranar da ka manta kalmar sirri, ta wannan layin za a turo maka lambar da za ka koma akwatinka. Saboda haka layin ya zama naka, kuma mai aiki. Idan ya ɓata, yi masa welkom bak, wato ka karɓi sabon sim mai lambarka ta da, da wuri, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sayar wa wani. Waɗannan lambobi shida kuwa ba a faɗa wa kowa. Duk wanda ya kira ka ya ce daga Google ko banki yake, ka karanto masa su, ɗan damfara ne.

A ƙarshe za a nuna maka sharuɗɗa. Gangara ƙasa ka taɓa "I agree". Imel ya buɗu.

Abu biyu za ka riƙe. Idan aka goge wayar Android aka mayar da ita kamar sabuwa ba tare da an cire imel ba, za ta iya kulle kanta ta ce sai an sa adireshi da kalmar sirrin da ke cikinta a da. Don haka cire imel ɗinka kafin ka sayar da waya, kuma kada ka sayi ta hannu sai mai ita ya cire nasa a gabanka. Na biyu, Google na iya rufe imel ɗin da ya shekara 2 ba a shiga ba.

Aikin aji

Buɗe Gmail, ka taɓa "Compose" mai hoton alƙalami. A layin "To" rubuta adireshinka, kana kallon littafinka. A "Subject" rubuta Gwaji, a ƙasa ka rubuta sallama. Taɓa kibiyar da ke sama. Saƙon zai dawo maka cikin "Inbox" nan take. Sannan ka aika wa abokin zamanka, ka taɓa alamar maƙalin takarda ka haɗa da hoto ɗaya, wanda bai wuce megabayit 25 ba. Idan bai ga saƙon ba, ya taɓa layuka uku da ke sama ta hagu ya leƙa "Spam", inda Gmail ke jefa saƙonnin da yake zargi, kai kuma ka sake duba adireshin, ko harafi ɗaya ya kauce.