Wata nawa zan yi in iya? Kurakuran masu koyon baƙon harshe

Duk wanda ya taɓa koyar da Turanci ko Larabci ko Faransanci ya san tambayar da ɗalibi ke fara yi tun bai biya kuɗin rajista ba: "Malam, wata nawa zan yi in iya?" Kuskuren farko yana cikin tambayar. Ba da wata ko shekara ake auna koyon harshe ba, da awa ake auna shi. Mutum biyu za su ce maka shekararsu uku suna koyon Faransanci, alhali ɗaya sai ya tuna yake buɗe manhaja a waya, ɗayan kuwa yana zaune a Abijan, ko burodi zai saya sai da harshen.

Akwai alƙaluman da ake yawan kafa hujja da su. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta raba harsuna rukuni-rukuni gwargwadon wahalarsu ga wanda Turanci ne harshensa na gado. Faransanci da Sifaniyanci da Italiyanci suna cin mako 24 zuwa 30, wato awa 600 zuwa 750 a aji. Jamusanci da Swahili kimanin mako 36. Turkanci da Rashanci da Hindi mako 44, wajen awa 1,100, kuma a nan aka sa Hausa. Larabci da Sinanci da Japananci da Koriyanci su ne a ƙoli: mako 88, awa 2,200. Jami'an nan fa manya ne da aka ɗauke musu kowane aiki, suna yini a ƙaramin aji, su koma gida su yi bita.

To, yanzu ɗauki alƙalami ka yi lissafin kanka. Minti 15 kullum, ba fashi ko ranar Sallah, awa 91 ke nan a shekara. Kafin ka tara awa 600 ka haura shekara shida. In ka mayar da shi awa ɗaya cikakkiya a rana, cikin wata 20 ka kai. Haka kuma masu cewa "ai mun yi Faransanci a ƙaramar sakandare, ba abin da ya zauna, ni kaina ba ya ɗaukar yare." A ce darasi biyu ake yi a mako, kowanne minti 40, a makonni 36 na karatu: awa 48 a shekara, 144 a shekara uku, a aji mai cunkoso, kuma yawanci malami ne kaɗai ke magana. Ba kan ne ba ya ja ba, awoyin ne ba su kai ba. Gyaran shi ne ka daina ƙirga tun yaushe ka fara, ka riƙa rubuta awa nawa ka yi a kowane mako.

Sai dai kada a ɗauki wancan jadawali a ɗora wa Bahaushe yadda yake, domin an yi shi ne don Ba'amurke. Larabcin da yake ganin dutse ne, mu mun fara hawansa tun daga makarantar allo. Mun san baƙaƙen, kunnenmu ya saba da sautin, Hausa cike take da kalmomin aro daga Larabci, kuma bambancin dogon wasali da gajere ba baƙon abu ba ne a bakinmu. Ko a Sinanci muna da ɗan rinjaye, tunda Hausa ma tana bambanta ma'ana da karin sauti, duk da cewa rubutunsu zai ci lokacinka kamar yadda yake cin na kowa.

Kuskure na biyu shi ne rashin sanin me ake nufi da "iyawa". Ɗan kasuwar da ke zuwa birnin Guwanzu na ƙasar Sin saro kaya yana buƙatar lambobi, launuka, taya farashi, zancen lodi da ranar da kaya za su iso. Wannan abu ne na watanni. Wanda zai karanta likitanci a Turkiyya buƙatarsa daban, shi ya sa tallafin karatu na gwamnatin ƙasar yake ware shekara guda sukutum don koyon Turkanci kafin a shiga aji. Ma'aunin da Majalisar Turai ta fitar a 2001 ya kasa iyawa matakai shida, daga na farko zuwa na ƙoli: A1, A2, B1, B2, C1, C2. A ƙiyasin masu shirya jarrabawar Turanci ta Kambirij, ana kai B1 bayan awa 350 zuwa 400 na darasi, B2 bayan 500 zuwa 600, C2 kuwa sai an yi 1,000 zuwa 1,200. Abin da yawancin mutane ke kira iya harshe, wato ka yi hira ba ka daburce ba, ka karanta jarida, ka yi aiki a ofis, B2 ne. Mai jiran ranar da zai yi magana kamar haifaffen Landan zai daɗe yana jira, kuma ba ya ma buƙatar hakan.

Kuskuren da ya fi kowanne yi mana illa, a ganina, shi ne mayar da harshe karatun ido. A zaurukanmu akwai wanda ya haddace Ajurumiyya, ya sauke Alfiyyar Ibn Malik mai baiti kusan dubu, in ka ba shi jimla zai yi mata li'irabi har ka gaji, amma in Balarabe ya tambaye shi hanya sai gumi ya keto masa. Wannan ba aibin nahawu ba ne. Karatun zaure an gina shi ne don fahimtar littafi, kuma ya yi wannan aiki ƙarni bayan ƙarni. Magana fanni ce daban, tana son baki ya motsa, kunne ya saba da saurin mutane. Haka abin yake ga mai digiri da ke rubuta takardar neman aiki tsaf da Turanci, amma ranar ganawa harshe ya sarƙe. Kwatanta shi da mai shayin da ya sauka Legas ko gaisuwa bai sani ba da Yarbanci. Ba ƙamus, ba malami, amma kafin shekara ta zagayo yana zolayar masu sayen shayinsa da harshensu. Shi ba ya jin kunyar kwaɓa magana, kuma kowace safiya dole ta sa ya buɗe baki.

Kunyar nan ita ce cutar. Mu kan yi wa junanmu dariya in wani ya saki baram-barama a Turanci, musamman in ya musanya "p" da "f", har mutum ya gwammace ya yi shiru. Maganinta shi ne ka fara magana tun makon farko. Nemi mutum ɗaya, ku sa lokaci, rabin awa sau uku a mako, ba Hausa a ciki ko da za a koma nuni da hannu. In ba kowa, naɗi muryarka a waya kana ba da labarin abin da ka yi yau, gobe ka saurara, za ka ji inda ka yi tuntuɓe da kunnenka. Hikimar da ta sa aka kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri da na Larabci a Ngala ke nan: a ɗauke ɗalibin jami'a a ajiye shi inda harshen zai kewaye shi.

Masu koyon Larabci suna da wani tarko nasu. Abin da ake koyarwa a aji Fusha ce, harshen littafi da huɗuba da labaran rediyo. A titi ba da ita ake magana ba. Mutanen Alƙahira suna furta jimun kamar "g", su haɗiye ƙafun a yawancin kalmomi. Na Sudan da na Chadi da na Hijaz kowa da irin nasa. Ɗaliban da suka yi karatu a Masar suna da barkwancin da suke maimaitawa: sabon zuwa ya tare mai tasi ya zuba masa Fusha tsantsa har da wasulan ƙarshen kalma, direba ya saurara har ya gama, sannan ya ce "Sadaƙallahul azim." In ka san ƙasar da za ka, ware wani kaso na lokacinka don karin harshenta tun kana gida. In karatun addini kaɗai ka sa gaba, Fusha ta wadatar.

Sai batun haddar kalmomi. Mutum ya zauna ranar Lahadi ya haddace kalma ɗari, kafin Laraba saura 'yan kaɗan. Tun 1885 wani Bajamushe masanin halayyar ƙwaƙwalwa, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko. Almajiri ya san wannan ba tare da ya ji sunan Bajamushen ba, shi ya sa ake tilawa. Kalma goma a rana, kowace a cikin jimlarta, a waiwaye su gobe, a sake bayan kwana uku, a sake bayan mako, ta fi ɗarin nan amfani. Kuma a fara da kalmomin da aka fi ji a bakin mutane, ba sunayen tsuntsayen Turai ba.

Kallon fim yana taimakawa, amma banda wanda aka fassara da Hausa. Wannan nishaɗi ne, kada ka sa shi cikin lissafin awoyinka.

Akwai kuma masu cewa sun tsufa. Gaskiya ne yaro ya fi babba kama lafazi, kuma wani bincike da aka wallafa a 2018 kan mutane wajen 670,000 ya nuna cewa kai wa matsayin ɗan gado a nahawu ya fi yiwuwa ga wanda ya fara kafin shekara 10. Amma jami'an diflomasiyyar da muka ambata duk manya ne. Babba yana da abin da yaro ba shi da shi: ya san dalilin da ya sa yake koyo, yana iya tsara lokacinsa, yana gane ƙa'ida in an yi masa bayani sau ɗaya.

Inda aka fi zubar da mutane shi ne tsakiyar tafiya. A watannin farko kullum kana ganin ci gaba. Da ka kai wajen B1 sai abu ya yi kamar ya tsaya: kana fahimtar malaminka, amma in 'yan ƙasa biyu suna hira a tsakaninsu sai ka ɓace. Ba tsayawa ka yi ba, kalmomin da suka rage ne ba sa zuwa a kai a kai. A nan littafin koyo ya gama aikinsa. Koma kan abin da aka yi don masu harshen: labaran rediyo, sharhin ƙwallo, wa'azi, gajerun labarai, duk abin da ko da Hausa ne za ka so ka ji.

Kada kuma ka yi gaggawar biyan kuɗin jarrabawa. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu ake karɓarsa, don haka wanda ya rubuta tun bai shirya neman gurbin karatu ba, wataƙila sai ya sake biya. Takardar DELF ta Faransanci ita ba ta ƙarewa. Kowacce za ka yi, fara gwada tsofaffin tambayoyi a gida da agogo a gabanka, har da ɓangaren magana, sai ka ga kana samun makin da ake nema sau biyu ko uku a jere sannan ka yi rajista.