Yadda ake zaɓo bakteriyar ƙasa mai yi wa wake da gyaɗa taki

A nemi gonar da ba a zuba wa yuriya ba, ba a kuma taɓa shafa wa irinta bakteriyar kanti ba. In an taɓa shafa ta, baƙuwa za a kwaso a ɗauka 'yar gida ce. Lokacin tono shi ne sa'ad da wake ya fara fure, mako 6 zuwa 8 bayan shuka. A haƙo da fartanya tare da ƙasar gindin, kada a fizge, don ƙullutun da ke jikin saiwa, inda bakteriyar take zaune, tsinkewa yake a bar shi a rami.

A tsaga ƙullutu ɗaya da reza. Idan cikinsa ja ne ko ruwan hoda, yana jawo naitirojin daga iska. Fari ko kore, cin banza yake yi.

A ɗakin gwaji, a tsoma ƙullutun da bai fashe ba cikin itanol mai ƙarfin kashi 70 na daƙiƙa 10, sannan ruwan bilic mai kashi 3 na minti 3, a ɗauraye sau shida da ruwan da aka kashe wa ƙwayoyi. A murƙushe, a shafa a farantin YEMA (abincin renon bakteriya) mai jan rinin Kongo, a ajiye a zafin digiri 28. Bradyrhizobium, bakteriyar da ta fi zama da wake da gyaɗa da waken soya, ba ta gaggawa: sai kwana 5 zuwa 7 take bayyana, fara-fara. Abin da ya cika faranti a kwana ɗaya, ko ya sha rinin ya yi jawur, gurɓata ce.

Faranti dai ba ya yanke hukunci, shuka ce ke yankewa. A dasa iri a yashi da aka turara don kashe ƙwayoyinsa, a sa masa bakteriyar da aka samu a faranti, a shayar da ruwan sinadarai marar naitirojin. A ware tukwane na kwatanci: wasu ba a sa musu komai ba, wasu an ba su naitirojin, wasu kuma an sa musu sananniyar bakteriya, kamar USDA 110 da ke cikin NoduMax, bakteriyar kanti ta cibiyar binciken noma ta IITA, idan waken soya ne. Ƙullutu ya fito a tukunyar da ba a sa wa komai ba? Gwajin ya lalace, a sake. Bayan mako 6 a busar da ganye da kara a auna nauyinsu, domin yawan ƙullutu yana yaudara.

Waɗanda suka yi fice sai a kai su gona, inda za su yi takara da bakteriyar da ke wurin, ga zafin ƙasa, ga fari. A sa takin supa, mai fosforas, lokacin shuka. Ƙasar da ba ta da fosforas ba ta barin ko gwanar bakteriya ta nuna aikinta, sai a yar da mai kyau bisa kuskure.