Kurakuran da Ke Kashe Injin Huda a Wurin Gini

Wani yarona ya taɓa dawo mini da injin huda yana warin ƙonanniyar waya. "Oga, wallahi kankaren ne ya cika tauri," in ji shi. Da na je wurin na ce ya gwada mini, sai na ga ya kafa ƙirji a gindin injin ya saki duk nauyinsa, har jijiyar wuya ta tashi.

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Injin SDS, wato injin huda kankare mai ƙarfin bugu, yana da fistan a ciki, shi ke tura iska ta buga baki, wato ƙarfen da ke huda. Dannawarka ba ta ƙara masa bugu, sai dai ta sa motar da ke juya injin ta yi zafi. Riƙe shi daidai ka bar shi ya ci da kansa, kana ɗan zaro bakin lokaci-lokaci don garin siminti ya fito. Ramin da ya toshe da gari shi ke cinye kaifin baki.

Sai ɗora wa ƙarami aikin babba. Ƙaramin inji mai ɗan bugu ya isa bulo, amma dakin (rufin kankare) da ginshiƙi aikin SDS ne. Shi ma fitattunsa kashi biyu ne: SDS-Plus mai gindin baki milimita 10, da SDS-Max mai milimita 18 na manyan ramuka da fasa kankare. Bakin wannan ba ya shiga wancan. Kafin ka sa baki, goge gindinsa ka shafa ɗan giris. Mutane na raina wannan, alhali shi ke hana makamar baki lalacewa.

Tayil da ƙarfe da katako kuwa, a kashe bugu. Tayil nawa aka fasa a banɗakin mutane saboda maɓalli ɗaya!

In kana huda dakin ka ji injin ya daina ci, ƙarar ta canza, to ka taɓo rodi. Dakata, ka matsa gefe. A nan ne masu cire hannun gefe, wai yana tare musu wuri, ke shan wuya: baki na cijewa, injin ya juya ya murɗe wuyan hannu, kuma galibi mutum yana kan tsani.

Mai sayen na hannu a Ƙofar Ruwa ko wata kasuwa, karanta rubutun jikin injin. Na Amurka wutar 120 yake ci, tamu 230 ce, kana jonawa ya lalace. Kada kuma a ja doguwar siririyar waya daga ƙaramin janareto, wutar kan iso a raunane. Batir ma kada a bar shi cikin rana ko a rufaffiyar mota, musamman watan Afrilu.

Ƙurar kankare tana taruwa a huhu, kuma ba ta fita. Rawani ko hankici ba sa tare ta. Sayi takunkumin ƙura na gaske, ka sa tabarau in za ka huda sama da kanka.