Yoga a kan kujera bayan karaya

Baba, kafin komai sai likita ya tabbatar ƙashin ya haɗe. Yoga, wato motsa jiki a hankali tare da daidaita numfashi, daga Indiya ta fito, amma kujerar tsakar gida ta ishe ka.

Bayan sallar asuba, kafin zafin Yamai ya taso, ka zauna ka miƙe baya, tafin ƙafafu a ƙasa. Ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali, sau 5. Sannan ɗaga hannun da ya karye kaɗan-kaɗan, iya inda ya tsaya. Nan nake roƙonka haƙuri, domin jijiyar da ta daɗe a ɗaure ba ta son fizga. In ka ji zafi kamar sukar allura, dakata.

Sai ka juya kafaɗu, ka dafa bango ka miƙe. Minti 10 kullum, jikanka na kusa da kai.