Kurakuran da ake yi wajen gwada ƙananan sifikoki na hannu kafin a saya

Ƙananan sifikokin nan da ake ɗorawa a kan kanta ko teburi, irin na Wharfedale, KEF, Mission, Tannoy da JBL, suna shigowa da yawa cikin kayan gwanjo. Su sauka a Legas, su bi ta kasuwar Alaba, wasu su hauro har shagunan Sabon Gari a Kano. Akwai waɗanda sun girmi mai sayensu, don Wharfedale ta fara fitar da jerin Diamond tun farkon shekarun 1980. Tsufan ba aibi ba ne. Matsalar ita ce yawancin masu saye suna gwaji ne ta hanyar da kunne zai yaudare su.

Babbar yaudarar ita ce ƙara. Mai shago zai haɗa maka wannan ya kunna, ya cire ya haɗa waccan, bai taɓa maɓallin sauti ba, sai ka ɗauka an yi adalci. Ba a yi ba. Kowace sifika tana da gwargwadon ƙarar da take bayarwa da wuta iri ɗaya, ana rubuta shi da dB. Mai 89 za ta fi mai 86 ƙara, kuma sai amfilifaya, na'urar da ke tura wa sifika ƙarfi, ta ninka ƙarfinta sau biyu kafin mai 86 ta kamo ta. Shi kuwa kunnen ɗan Adam, abin da ya ɗan fi ƙara shi yake ji ya fi daɗi, ya fi cika, ya fi fita. Haka mutum zai bar sifika mai tsabtar murya ya ɗauki mai hayaniya. Gyaran ba wuya: a daidaita ƙarar biyun kafin a yanke hukunci. Manhajar auna sauti ta waya ta isa, in aka ajiye wayar a wuri ɗaya. A yi amfani da amfilifaya ɗaya, sauti ɗaya, kuma a sauya da sauri, don kunne ba ya riƙe abin da ya ji na dogon lokaci.

Ka zo da abin sauraronka. Mai shago kullum kiɗa mai dukan ƙirji zai sa, wanda ke rufe kowane aibi. Muryar mutum ce ke tona asiri: karatun da ka saba ji, ko muryar mai labarai. In ta fito kamar ta hanci, ko kamar daga cikin tulu, ka ji da kunnenka. Bayan nan ka sa wani abu mai kalangu ko goge, ka ji ko kowane kayan kiɗa ya fita daban.

Sai batun wat, wanda aka fi yin ciniki a kansa alhali shi ya fi ƙarancin amfani. Lambar da ke bayan sifika ba ƙarfin da take bayarwa ba ne, ƙarfin da za ta iya jurewa ne. In kuwa ka ga PMPO kusa da dubban wat, talla ce kawai. Lambar da ta cancanci kallo ita ce om, ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da ake tura mata: 4, 6 ko 8. Amfilifayar da aka rubuta mata 8 za ta iya yin zafi ko ta riƙa ɗaukewa in aka ɗora mata mai 4 aka ƙure. Kuma ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa har sautinta ya fashe tana ƙona tuwita, ƙaramin faifan da ke fitar da siririn sauti, cikin sauƙi.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne rashin cire ragar gaba. Mutane suna jin nauyin mai kaya, ko suna tsoron a ce sun ɓata. Ka nemi izini ka cire. Dubi zoben da ya kewaye wufa, wato babban faifan da ke fitar da sauti mai kauri: in na soso ne, yakan ruɓe bayan shekaru, zafi da danshin damina kuma suna gaggauta shi. Ka shafa a hankali. In ya yi danƙo ko ya marmashe, sai an sauya. Na roba ya fi daɗewa, amma shi ma yana bushewa ya tsage. Daga nan ka ɗora yatsu kewaye da tsakiyar wufar, ka tura ciki kaɗan, daidai ta kowane ɓangare. Ya kamata ta shiga ta dawo shiru. In ka ji ƙurji kamar yashi, wayar ciki tana gogar bango, wataƙila ta taɓa ƙonewa. Tuwita kuwa ba a taɓa ta da yatsa. A rage sauti, a kai kunne kusa, a saurari ta hagu da ta dama ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa ɗaya ta mutu ba a sani ba, don 'yar'uwarta tana rufa mata asiri.

Wannan ya kawo mu ga abin da ake mantawa: biyu kake saya, dole su zama tagwaye. Duba lambar samfuri a bayan kowacce, duba kusoshin da suka riƙe wufa ko an taɓa kwance su. Akan cire ta asali a cusa wata mai girma ɗaya, akwatin ya rage da sunan kamfani kawai. In akwai mai gyaran rediyo kusa, ya ɗora mitarsa: mai om 8 takan nuna ƙasa da 8 kaɗan, wannan daidai ne, amma biyun su nuna kusan abu ɗaya. Akwatin ma a juya shi. Yawancinsu da katakon garin itace aka yi, in ya sha ruwa gindinsa yakan kumbura, iska ta riƙa zurarewa.

Ka lura da inda ramin iska yake. Mai rami a baya, in aka manna ta da bango, ƙasan sautinta yakan kumbura ya danne murya. Wanda ɗakinsa ba fili, mai rami a gaba ko rufaffiya ta fi masa.

In sifikar mai amfilifaya a cikinta ce, karanta bayanta kafin a jona. Kayan Amurka 120V ne, wutarmu 230V. A bar ta a kunne na ɗan lokaci ba tare da kiɗa ba, a saurari gurnani ko tsaki. In an sami aibi mai gyaruwa, kamar zoben soso, ka tambayi kuɗin gyaran tukuna, sannan a cire shi daga farashi.